Yadda Za Ki Samu Satifiket ɗin Taimakon Gaggawa Kina Kwance

'Yar'uwa mai rainon 'ya'yan mutane a makarantar nazare, matso kusa. An ce miki ko ki je horon taimakon gaggawa ko ki bar aiki? Share hawayenki. Bi abin da zan gaya miki, na yi miki alkawari za ki dawo da satifiket mai hatimi ba tare da kin ɗaure ko ɗan yatsa ba. Ba da ka nake magana ba. Na gani da idona a kan ɗalibata Ya Kellumi, mai kula da ajin 'yan shekara uku a makarantar Madam Nkoli da ke Jimeta.

Mataki na 1: Ki san abin da kike gudu

Madam Nkoli ta tara ma'aikatanta ta ce, "Duk wanda bai kawo satifiket ba, zango mai zuwa ya zauna gida. Ba wasa nake ba o!"

Aikin nan shi ke ciyar da 'ya'yan Ya Kellumi tun da tashin hankali ya koro su daga Borno. Kashin yara, amai, majina, kukan safe, duk ba sa ɗaga mata hankali. Jini ne ba ta iya kallo. Tun abin da ta gani a hanyar gudun nan, ko kaza ake yankawa sai ta shige ɗaki. Ga shi an ce mai horon har jan ruwa yake zuba wa mutum don ya yi kama da rauni.

Ke ma ki nemo naki dalilin. Ko lalaci ne zalla, ya wadatar.

Mataki na 2: Ki riga kowa ɗaga hannu

Mai horon, Malam Zadok, daga Girei yake tsallako gada kullum, rungume da jaririyar roba ƙwaya ɗaya. A kanta ake koyon danna ƙirji. Sauran darussan kuwa sai da mutum mai rai. Zai dubi ajin ya ce, "Wa zai zama mana mara lafiya?"

Nan za ki ga mata sun sunkuyar da kai, kowace tana gyaran mayafi. Kunya ce, kuma kunya ba ta taɓa ba kowa satifiket ba. Ya Kellumi ta miƙa hannu sama, ta ja tabarma da kanta zuwa ƙarƙashin fanka. A zafin Yola, wanda ya samu ƙarƙashin fanka ya ci rabin jarrabawa.

Mataki na 3: Ki iya suma

Suma sana'a ce. Ki saki jiki, ki rufe ido, kada ki yi dariya idan an taɓa miki haƙarƙari. Minshari kuma haramun ne, shi ke tona asiri.

Ranar darasin jini, Malam Zadok ya kwarara mata jan ruwan a hannu. Mata suna ta "Wayyo!", ana danna wurin, ana naɗe shi da bandeji. Ita kuwa idonta a rufe gam, ba ta ga ko ɗigo ba. Da aka tashi, malamin ya ce, "Ya Kellumi, ban taɓa samun mara lafiya mai haƙuri irinki ba." Ta ce, "Ai baiwa ce, Malam."

Mataki na 4: Ki sadaukar da bayanki

Ba zan ɓoye miki ba, akwai rana guda mai wuya: ranar darasin shaƙewa. An tashe ta tsaye, aka sunkuyar da ita. Malam Zadok ya ce, "Idan yaro yana tari, ku bar shi ya yi tarinsa. Idan ya yi shiru, ba kuka ba numfashi, kada ku ba shi ruwa, kada ku zura masa yatsa. Ku sunkuyar da shi, ku buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu. Amma yanzu gwaji ne, ku yi a hankali."

A hankali? Anti Ifunanya ta ajin 'yan shekara huɗu hannun dakan sakwara gare ta, ba ta san wannan kalmar ba. Goggo Asta mai shara kuma a ƙugu ta sauke nata, sai da malamin ya kama hannunta ya kai shi sama yana cewa, "Nan, Goggo, nan!" Haka duk ajin suka bi layi, kowace ta nemi "nan" a bayan baiwar Allah. Ta koma gida, babbar 'yarta ta shafa mata man zafi tana tambayar uwar tata, "Ya, makaranta kika je ko dambe?"

Ki jure. Kwanciya za ki koma gobe.

Mataki na 5: Ranar jarrabawa kada ki warke

Kowace ɗaliba tana bukatar wadda za ta ceta, to ki zama ke ce. Ki suma wa wannan, ki ƙone wa waccan, ki karye wa ta uku. Kafin a zo kanki an ɗauke wuta, abinci ya iso, malam yana duban agogo saboda cunkoson gada. Haka aka yi. Ya Kellumi ta karɓi satifiket ɗinta, Madam Nkoli ta sa shi a gilashi ta rataye a ofis.

Mataki na 6: Kada ki bari komai ya faru a gabanki

Nan ɗalibata ta ba ni kunya.

Wata rana ana hutun tara, wata yarinya mai suna Ikram ta ciro aya daga aljihu, kakarta ce ta zuba mata. Tana gudu tana ci, sai ta tsaya cak. Ba tari, ba kuka. Ta kama wuya, idanu sun firfito. Goggo Asta ta ruga neman ruwa, Anti Ifunanya ta ɗora hannu a ka tana kiran Madam.

Abin da na koya wa Ya Kellumi shi ne ta zube ta rufe ido. Ina! Ta fizgo yarinyar, ta sunkuyar da ita a kan hannunta, ta ce, "Goggo, ajiye ruwan nan!" Ban da zancen ruwan, ba ta tuna maganar malam ko ɗaya ba, amma wurin da aka yi ta jibga a bayanta ai ba ta manta shi ba. Ta buga. Shiru. Ta ƙara. A na uku ayar ta yi tsalle ta faɗa ƙasa, Ikram ta callara kukan da aka ji har bakin titi.

Ya Kellumi ta zauna daɓas a ƙasa da yarinyar a cinya, ita ma tana kuka. Madam Nkoli ta iso a guje ta ce, "Kellumi, kai ne ka yi?" Ta ɗaga kai ta ce, "Madam, a hanyar gudu yaro ya mutu a hannuna, ban san abin da zan yi masa ba. Yau na sani."

Da a nan abin ya tsaya, da na yafe mata. Amma ranar Asabar ta hau keke ta tsallaka Girei, ta yi sallama a gidan Malam Zadok ta ce, "Malam, darasin jinin nan ban gani ba. A maimaita min. Wannan karon ni zan ɗaure." Ya ɗauko jan ruwan ya zuba a hannunsa. Ta kama hannun ta danna wurin, ta naɗe shi da bandeji, ba ta kawar da kai ba. Na cire sunanta daga cikin ɗalibaina.

Gargaɗi

Ciwon baya, ƙurar tabarma, da zanen da jan ruwa ya ɓata, duk ba su shafe ni ba. Idan malaminku ya zo da 'yan tsana isassu, ƙaddararki ce. Idan kuma kin bi matakan nan tsaf, sannan aka wayi gari iyaye suna cewa a ajinki kaɗai suke so a sa 'ya'yansu, kada ki kawo min ƙara. Ni kwanciya na ce ki yi, ban aike ki ceton rai ba.