Shehun Numfashi na Jarwal

"Abin da ba ka gane ba, Kawu, shi ne mai saye kamar gajimare yake," in ji Marwan, idanunsa a lumshe. "In ya zo ka dube shi, in ya tafi ka bar shi."

"Na ji," in ji Alhaji Abdulganiyyu, mai shagon. "Ni dai so nake abayoyin nan su bi gajimaren. In alhazai suka gama tashi suna nan jibge, halas, magana ta ƙare, ka koma sito a unguwar Shisha ka ci gaba da ɗaukar kwali."

Marwan ya yi masa murmushin tausayi. Tsoho ne, ba laifinsa ba ne.

Duk unguwar Jarwal ta Makka ba a taɓa yin ɗan kasuwa mai zurfin Marwan ba. A Makka aka haife shi, kakansa ne ya zo daga Katsina, don haka Hausarsa tana ɗan ɗingishi, amma hikimarsa garau take. Wata rana ya ci karo da bidiyo a waya, wani mutum mai ƙwal kai yana koyar da Zen, hanyar natsuwa ta mutanen Japan, da yadda ake sayar da kaya da ita. Bai kalla har ƙarshe ba, masu baiwa ba sa buƙatar haka. Mu kuwa 'yan layin, da yake duk abin da ya zo da sunan nesa girmama shi muke yi, sai muka laƙaba masa Shehun Numfashi. Mukan zauna muna shan shayinsa muna gyaɗa kai, ba wanda ya fahimci komai.

Sauran masu shaguna a bakin ƙofa suke yini, suna "Hajiya, leƙo ki gani." Shehu kuwa yana kan kujera, baya a miƙe, hannu bisa cinya.

"Kiran mai saye yunwar zuciya ce," yakan gaya mana. "Ni ba na sayar da abaya. Ina zaune ne tare da abaya."

A makon da alhazai ke haɗa tsaraba, sai ga Hajiya Ɗaso, 'yar kasuwa daga Kano, da manyan jakunkuna wayam. Ta ɗaga abaya ɗaya, ta murza, ta taɓe baki.

"Ɗana, wannan mai kama da labulen nawa ce?"

Marwan ya shaƙi iska, ya riƙe, ya fesar a hankali, sannan ya faɗi kuɗin.

"Abayar nake tambaya, ba shagon ba."

Ta taya rabi. Ta kushe ɗinkin, ta kushe duwatsun, ta ce baƙin ma bai yi baƙi ba, hannunta kuwa bai saki abayar ba. Ko jiya mutum ya fara kasuwa ya san kayan sun shiga ranta, kuma da yawa za ta kwasa. Marwan ya ci gaba da numfashi.

"To shi ke nan, a bar shi," ta ce, ta juya.

Kowa ya san wannan tafiyar ba tafiya ba ce. Hajiya ta taka a hankali. Ta tsaya ta gyara mayafi. Ta sunkuya ta duba takalmin da ba abin da ya same shi. Kunnenta yana baya, tana jiran a ce "Dawo mana, Hajiya, kawo kuɗin."

Maganar ta taso wa Marwan har maƙogwaro. Ya tuna nauyin kwali a kafaɗa. Nan ya gane babbar jarrabawar ce ta zo. Ya runtse ido, ya haɗiye maganar da ƙyar, ya ji wani irin girma ya sauko masa.

Hajiya ta waiwayo. "Kai yaro, ko ba ka da lafiya ne?"

"Ina tare da wannan lokacin ne, ya Hajja."

"To Allah ya bar ku tare."

Kafin ta rufe baki, Issoufou, mutumin Maraɗi mai shagon da ke manne da nasu, ya janyo kujera. "Hajiyata, zo ki huta, rana ta yi yawa. Ko ba ki saya ba, a sha ruwa." Da ta fito, sai da aka kama mata jakunkunan.

"Ba tafiya ta yi ba," Marwan ya bayyana mana. "Ta bi hanyarta ne." Muka gyaɗa kai.

Haka makon ya ƙare, gajimare na zuwa suna zubar da ruwansu a shagon Issoufou.

Ranar da masaukan alhazai suka yi wayam, Alhaji Abdulganiyyu ya zo ya tsaya yana kallon abayoyinsa, suna nan lafiya lau, ba wadda ta yi ƙaura. Ya ciro makullin sito. Sai ga Issoufou da sauri, ya durƙusa.

"Alhaji, don girman Allah kar ka ɗauke yaron nan. Tun da na zo garin nan ban taɓa samun maƙwabci mai albarka irinsa ba. In albashin ne ya yi maka nauyi, ni zan ɗauki rabi."

Marwan ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ka ji ko, Kawu? Har na fara yin almajirai."

"Na ji. Motar kaya tana isa Shisha bayan la'asar. Yalla, ka numfasa a hanya."

Ya karɓi makullin da hannu biyu, kamar an ba shi kyauta, ya nufi bakin titi cikin natsuwa. Tasi ta farko ta zo, ya dube ta, ta wuce. Ta biyu ma haka. Da ta uku ta kawo kai, muka hango Shehun Numfashi ya ɗaga hannu sama, yana bin ta da gudu yana kwaɗa wa direba kira.