Rasuwar Allon da Ke Kallon Bango

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har wuya, Injiniya mai gyaran kwamfuta, wanda shagonsa ke ƙarƙashin bene kusa da mai ɗinkin takalma, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar allon kwamfutarsa na biyu. Marigayin ya cika ranar Talata da hantsi, bayan jinyar mako uku.

Shekara shida ya yi a kan teburin nan. Yayansa, babban allo, shi ke fuskantar kwastomomi, shi kuwa marigayi ya juya musu baya yana kallon bango, ba mai ganin fuskarsa sai maigidansa. A kansa Injiniya ke kunna bidiyon koyon gyara, ya kashe murya, yana satar kallo yana kwance kwamfutar mutane, su kuma suna jinjina wa basirarsa. Shekara shida marigayi bai taɓa tona wannan asiri ba. Ko ƙorafi bai iya ba, in ban da ɗan "tsiii" da yake yi in an kunna shi da safe.

Ciwon ya fara ne da in'ina. Hannun mai koyarwa a bidiyon sai ya ƙame da sukundireba a sama, daidai inda ake son ganin wace ƙusa zai kwance. Daga baya rubutu ya fito tas, hoto ya fito tas, amma wurin bidiyo baƙi ƙirin. An sauya masa waya, an hura ramin wayar, an kashe an kunna ba adadi, har mari biyu ya sha cikin ƙauna. Maganin kuwa yana nan cikin wani bidiyo, sai dai majinyacin ne kaɗai ke iya nuna shi a ɓoye.

Ranar da zai cika, wata malamar makaranta na zaune tana jiran kwamfutarta. Marigayi ya yi "tak" ya ɗauke. Nan take bidiyon ya yi tsalle ya faɗo kan babban allo, da suna ɓaro-ɓaro: darasi na ɗaya ga sabon ɗan koyo. Injiniya ya yi mata bayanin cewa kurakuran masu koyarwa yake dubawa. Malamar ta gyaɗa kai a hankali, irin na wadda ta shekara ashirin tana sauraron dalilan rashin yin aikin gida. Tun da Injiniya yake bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Marigayin ya bar yayansa mai sakin baki, da waya uku, da kwamfutocin mutane bakwai a kwance ciki a buɗe, da maigida wanda sunan Injiniya ya fara yi masa nauyi.

Gobe da sassafe za a naɗe gawar a tawul, a fita da ita ta ƙofar baya, ba a buƙatar 'yan rakiya. Duk wanda ya gamu da ita a hanya, ya ɗauka ta kwastoma ce. Za a kai ta shagon mai gyara na tsallaken titi, abokin gabar Injiniya na shekara da shekaru. Injiniya ya amince da wurin ne da natsuwa, domin jiya ya leƙa ta taga ya ga shi ma nasa allon na biyu bango yake kallo.