Ƙafar da Ta Fara Taka Titi

A duk gabashin Los Angeles babu malamin jami'a mai riƙon doka kamar Farfesa Eusebio Tafoya. Wata Talata ya makara da minti biyu, ya tarar ɗalibansa sun kulle aji. Ya buga, ya yi tsawa, ya jero digirorinsa uku. Wata yarinya ta karanto masa shafi na bakwai na dokokinsa ta kafar makulli: ƙarfe tara a rufe ƙofa, wanda ke waje ya sha iska. Gwarzon namu ya tsaya a baranda ya koyar da ƙofa awa guda cur, har yana tambayarta ko ta gane.

Tarihin karatun 'ya'yanmu yake koyarwa, mu jikokin Meziko haifaffun nan. Dokokin ajin shafi talatin da ɗaya ne, sun fi darasin kauri. Zuwa aji maki arba'in. Gyaɗa kai maki goma, shi ma sai a inda ya dace. Wanda ya yi tir da zalunci bai ɗaga hannu ba, a zabge masa uku. Fashi uku faɗuwa ce. Ko mutuwa za ka yi, ka kawo takarda tun ana saura mako.

Abin tinƙahonsa shekarar 1968, lokacin da 'yan sakandare muka fice daga aji saboda ana dukanmu in mun yi Sifaniyanci, ana tura mu koyon wanki da kanikanci.

"Mu muka girgiza garin nan," in ji shi duk shekara. "Wannan ƙafar tawa ta dama ita ta fara taka titi. Ta hagu ta biyo baya."

Takalmin ma yana ofishinsa cikin gilashi.

To, jikata Noemi ta yi fashi uku. Malaman firamaren da take gwajin koyarwa ne suka shiga yajin aiki saboda cunkoson yara, ta tsaya tare da su cikin ruwan sama. Darasin Farfesa kaɗai ya rage mata. In ta faɗi babu takardar malanta, aikin da ke jiranta a watan Agusta kuma ya tafi. Ta je roƙo. Ya ce gwagwarmaya abu ce mai kyau, shi ya sa ya ware mako na tara don koyar da ita, amma ba a yin ta ranar Talata da ƙarfe tara.

Aikin ƙarshen zango shi ne kowane ɗalibi ya kawo dattijon da ya ga ficewar 1968 da idonsa. Noemi ta kawo ni. Na tafi da kwandon tamale, alalen masara irin namu, da wani tsohon hoto a ƙasansa.

Farfesa bai shaida ni ba, haƙora sun yi ƙaura. Ya gabatar da ni a matsayin ɗaya daga cikin talakawan da suka bi bayansa.

Na kira shi da sunansa na yarinta, na ce, "Chebo, ashe kunnuwan nan ba su daina girma ba?"

Nan ya gane ni, ya ce ai Doña Chayo ce, bakinta bai tsufa ba. Ya duba agogo, ya ce lokacin baƙi ya ƙare. Minti ɗaya ke nan da zamana.

Na raba tamale, na sa hoton ya zaga. Ga mu nan ɗaruruwa a titi, ni a gaba da kwali, takalmi ƙafa ɗaya. A sama kuwa, tagar bene, kai guda ɗaya tak, kunnuwa kamar hannun tukunya, da biro a hannu. Shekara huɗu muna aji ɗaya, Chebo Mai Rajista bai taɓa fashi ba, ranar ma bai yi ba. Shi ya rubuta wa shugaban makaranta sunayen waɗanda suka fita. Nawa ne na uku. Ni aka kore ni mako biyu, shi aka ba shi lambar yabo.

Wani ɗalibi ya buɗe littafin Farfesa, shafin farko, inda aka buga jerin sunayen nan a matsayin takardar tarihi da ya tono bayan binciken shekara goma. Ya dubi rubutun, ya dubi allo. Hannu ɗaya ne. Duk ajin suka gyaɗa kai, kuma a inda ya dace.

Na tambaye shi ko in je in gaida shugabar sashe, tunda akwai sauran tamale. Sai ga rajista ta buɗe da kanta. Ya soke fashin Noemi uku, ya rubuta "aikin fili, mako na tara". Yarinya ta ci.

Da na yi shiru da na tafi da nasarata. Amma bakin nan nawa. Na ce to ya gaya wa yara wace ƙafa ce ta fara taka titi.

Ya gyara wuyan riga, ya dube ni ta saman tabarau.

"Chayo, ku fita kawai kuka yi, ko akuya ta iya. Da ban zauna na rubuta sunayenku ba, wa zai san kun yi tarihi?"