Jirgin Saman da Na Sassaƙa da Maɗaci

Ba zan taɓa mantawa da kwalin nan ba, ko da tsufa zai kwashe duk sauran abin da ke kaina. Zamanin Turawa ne, 'yan shekaru bayan yaƙin duniya na biyu, ina sabon malamin sana'ar hannu a wata elementare a Hadejia. Ba a ma tabbatar da ni ba, gwada ni ake yi. Abin da nake kwana da shi nake tashi da shi kuwa kwas ɗin malamai ne da ake tura mutum Kano. Wanda ya je ya dawo ya zama cikakken malami, wanda bai je ba kullum ƙafarsa ɗaya a waje take. Mai zaɓen wanda zai tafi shi ne Baturen Makaranta, wani dogo da muke kira Mai Lofe (a bayan idonsa dai, don ba mu gaji da aikinmu ba).

Wata safiya aka kira ni ofishin Hedimasta. Na tarar da Mai Lofe zaune, ga wani kwali shimfiɗaɗɗe a kan tebur da zanen jirgin sama a bayansa. Amma ba irin jirgin da muke hangowa yana ratsa sararin garinmu ba ne. Wannan fukafukansa hawa biyu ne, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, da 'yan sanduna a tsakani kamar rumfar kasuwa.

"Malam," in ji Mai Lofe da Hausarsa ta a-hankali, "wannan irin jirgin soja ne na yaƙin farko. Babana ya tuƙa irinsa. Daga gida aka aiko min. Ba a haɗa ba, kai za ka haɗa. Ranar rufe makaranta za mu tashe shi a gaban iyayen yara."

Kafin in buɗe baki Hedimasta ya riga ni. "Ranka ya daɗe, ai ka zo gidan. Ɗan masassaƙi ne, da gizago aka yanke masa cibiya."

Ni kuma, maimakon in yi shiru in ceci kaina, sai na ji bakina yana cewa, "Wannan ai ƙaramin aiki ne, ranka ya daɗe." (Allah ya shirya bakin nan, ya sha jawo min.)

Mai Lofe ya yi murmushi ya ce in ya ga aikin hannuna ya yi kyau, sunana zai rubuta a takardar Kano. Ya nuna min farfela da wata doguwar roba da ake murɗawa ta juya ta, ya ce mako uku gare ni. Washegari ya tafi rangadi wajen su Kaugama da Jahun, ya bar ni da kwali.

Na buɗe shi a ɗakin aikina. Na zaci katako zan gani. Abin da na gani wasu faifaye ne farare sirara, an zana musu siffofi da lambobi, da sanduna kamar tsinken sakace, da takarda mai shara-shara wadda in ka yi numfashi kusa da ita sai ta tashi. Ga babbar takardar zane da ke nuna inda kowane yanki zai zauna, inci ɗaya a madadin ƙafa biyu na jirgin gaske. Na ɗaga itacen a tafin hannu, wallahi ban ji na ɗauki komai ba. Na danna da farce, ya lotsa.

Kwana huɗu ina lallaɓa shi kamar ƙwai. Na yanka haƙarƙarin fiffike ɗaya bayan ɗaya, na jera su a kan zane, har na fara jin kaina. Rana ta biyar na ɗauko doguwar sandar da ke riƙe fiffiken sama gaba ɗaya, na ga kamar ta ɗan karkace, na sa babban yatsa in miƙar da ita.

Ƙaras!

Na daɗe a tsaye da guntaye biyu a hannu ina salati. Na shafa gam na haɗa, na jira ta bushe, na taɓa in ji ko ta kama, ta sake karyewa a wani wurin. Yanzu guntaye uku ke nan. A daidai lokacin Hedimasta ya leƙo ta taga.

"Malam, yaya jirginmu?"

"Yana tafiya, ranka ya daɗe," na ce, na rufe guntayen da hulata.

Mai hankali zai je ya faɗi gaskiya. Ni tsoro ya hana ni. Na ga an ce da gizago aka yanke min cibiya, sannan in je in ce tsinke ya gagare ni? Na ga Kano tana yi min nisa. Don haka bayan la'asar na naɗe guntayen a hankici na nufi bakin kogi wurin Baba.

Ƙarshen damina ne, kogi ya cika ya malala cikin fadama, masunta na ta kawo gyara. Na samu Baba a gindin bishiyar da yake aiki, yana fafe cikin wani kwale-kwale. Mutum ne da ya yi shekara arba'in yana sassaƙa turmi da ƙota da kwale-kwale, kuma a wurinsa abin da ba shi da nauyi ba shi da ƙarko. Ya karɓi guntun itacen, ya juya shi, ya shinshina, ya murƙushe shi da yatsu biyu. (Guntaye huɗu.)

"Wannan ne itacen Turawa? An cuci bawan Allahn nan. Ɓargon kara aka sayar masa."

"Baba, tashi fa zai yi sama. Wataƙila don haka aka yi shi ba nauyi."

Ya dube ni irin kallon da yake min tun ranar da aka sa ni boko. "Kai, jirgin da ke wucewa ta kanmu da me aka yi shi?"

"Da ƙarfe."

"Mutane na ciki?"

"Suna ciki."

"Yana faɗowa?"

"A'a."

"To! Kwale-kwalen nan ƙato shida ke ɗaga shi, amma ka taɓa ganin ya nitse? Tsakuwa kuwa da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, jefa ta ka gani. Ba nauyi ba ne, iya sassaƙa ne."

Na rantse muku a lokacin ban ga ta inda zan kayar da wannan magana ba. Ko yanzu ma sai na yi tunani. Baba ya jawo wani guntun maɗaci busasshe, ya tsaga, ya fere, ya goge, kafin magariba ya miƙo min sanda daidai da awon wadda na karya. Na lanƙwasa ta da ƙarfina, ko gezau. Na koma gida ina jin an sauke min dutse daga ƙirji.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Da na sa sandar a wurinta, ga ta ja jawur a tsakiyar fararen 'yan'uwanta, makaho ma ya san baƙuwa ce. Na ce to bari in sauya ta fiffiken ƙasa su zama iri ɗaya. Da na sauya, sai siraran sandunan tsakani suka kasa ɗaukar fiffiken sama, biyu suka karye. Na sauya su duka takwas. Sai gangar jikin ta fara lanƙwashewa a ƙarƙashinsu. Na koma wurin Baba. Gam ɗin Bature ya ƙi kama maɗaci, na je wurin dukawa na samo ƙananan ƙusoshin takalmi. Takardar nan mai shara-shara ta yage a kan ƙusoshin, na maye ta da yadin akoko, na shafe shi da ƙaro ya yi tauri. Garin neman gira dai na rasa ido. Kafin mako na uku ya ƙare, abin da ya rage na Bature a jikin jirgin nan farfela ce da roba da tayoyi biyu.

Amma fa ya yi kyau! Na shafa masa koren fenti, na zana da'irori masu ja da fari da shuɗi a fukafukai, irin na zanen bayan kwalin. Fenti ya rufa min asiri tsaf. Hedimasta ya zo ya zagaya shi sau biyu yana "Tubarkalla", ya miƙa hannu zai ɗauka, na yi wuf na ce bai bushe ba. Haka na yi ta cewa bai bushe ba har kwana biyar.

Za ku ce me ya hana in gwada shi a ɓoye? Na yi niyya. Sau biyu ina kai shi bayan makaranta, in murɗa farfela, in ɗaga hannu, sai zuciyata ta ce in ya faɗi ya karye fa? Gaskiyar magana ita ce hannuna ya riga ya gaya min abin da kaina ba ya so ya ji. Duk ɗagawar da zan yi sai na ji shi a kafaɗa. Abinci ya daina shiga. Ko a sahun salla nake, sai in tsinci kaina ina auna nauyin jirgi da na zakara, ina cewa ai zakara ma yakan haye katanga.

Ranar ta zo. An share fili, an jera kujeru, dagatai da masu unguwanni sun zauna a gaba, iyaye sun yi da'ira, yara sun zauna a ƙasa layi-layi. Har Baba, wanda bai taɓa taka makarantar nan ba, ya zo da rigarsa ta Juma'a ya tsaya a baya yana gaya wa na kusa da shi cewa da hannunsa a ciki. Mai Lofe ya dawo daga rangadi a daren da ya gabata, bai ga jirgin ba tukuna. Ya yi jawabi a kan amfanin ilmi, ya ce yau za su ga abin da ɗan garinsu ya haɗa da hannunsa yana tashi sama. Aka yi tafi. Ni kuwa gumi har cikin takalmi.

Na kawo jirgin a kan faranti. Fuskar Mai Lofe ta washe, ya ce "Madalla, Malam!" Ya sa yatsu biyu zai ɗauka yadda ake ɗaukar irinsu. Jirgi bai motsa ba. Ya sa hannu ɗaya. Sannan ya cire lofen daga bakinsa ya sa hannu biyu. Ya ƙwanƙwasa fiffiken da ɗan yatsa, ya ji ƙwas-ƙwas kamar ƙofa. Ya dube ni, na dubi ƙasa.

"Malam," ya ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "ina itacen da ke cikin kwali?"

"Ranka ya daɗe... an ɗan ƙarfafa shi ne."

Jama'a na jira. Sai ya miƙo min jirgin ya ɗaga murya: "Wanda ya haɗa, shi zai tashe shi."

Na karɓa na taka zuwa tsakiyar fili. Na murɗa farfela ina karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Na ɗaga shi sama da kaina, yara suka miƙe tsaye, na ja da baya, na runtse ido na wurga.

Farfelar ta yi fir-fir-fir, ita dai ta yi iyakar ƙoƙarinta. Jirgin kuwa ko taku uku bai yi ba ya sunkuyar da kai ya nufo ƙasa kamar taɓarya. Tim! Hancinsa ya nutse a cikin danshin ƙasa, wutsiya a sama, ya tsaya cak.

Fili ya yi tsit. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi. A cikin wannan shirun ne muryar Baba ta taso daga baya, cike da alfahari:

"Kun gani ko? Ko tsagewa bai yi ba!"

Wayyo Allah. Dariyar da ta ɓarke a filin nan, na tabbata masunta sun ji ta a fadama. Wani dagaci har rawaninsa ya kwance. Hedimasta ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Mai Lofe ya juya baya yana ta fama da kunna lofen da ke kunne. Ni kuma ina tsaye ina jan jirgi daga ƙasa, ya ƙi fitowa sai da na sa ƙafa na dafe.

Bayan an watse Mai Lofe ya kira ni ofis, na zayyana masa komai tun daga ƙaras ɗin farko. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi min sauƙi. Cewa ya yi, "Sanda ɗaya ka karya? Da ka gaya wa Hedimasta ya aiko min. Ko karan dawa ka fere ka sa, da ya tashi." Karan dawa! Abin da ke jibge a bayan kowane gida a Hadejia, wanda ni da Baba muka raina.

Takardar Kano ta tafi da sunan wani. Na ji zafin abin ƙwarai, har na yi kwana biyu ban fita ƙofar gida ba. Sai bayan shekara biyu na samu tafiya, kuma kafin nan duk garin ba mai kirana da sunana, daga "Direban Sama" sai "Malam Tim". Baba kuwa har ya koma ga Allah bai yarda laifin maɗaci ba ne. Cewa yake robar Bature ce ba ta da ƙarfi.

Abin da na koya shi ne, in ka yi ƙaramar ɓarna, faɗe ta tun tana ƙarama, kada ka kai ta wurin gwanin turmi ya gyara maka. Jirgin kuma Mai Lofe ya bar min, ya ce ba shi da mai ɗaukar masa. Yana nan har yau, ko ƙusa ɗaya ba ta fita ba. Da shi muke tokare ƙofar zaure in ana iska.