Dogon Takina da Giɓin Baitulmali

Ba zan taɓa mantawa da ranar da ƙafafuna suka tona mini asiri ba. Lokacin Turawa ba su daɗe da zuwa Kano ba, ni kuma ina cikin malaman taki, wato masu auna gona da tafiyar ƙafa, a yanka wa manomi haraji gwargwadon yawan takin.

Wata shekara haraji ya kasa, abin da ya shiga baitulmali bai kai abin da ake kashewa ba. Shugabanmu Malam Babba ya tara mu a gidansa na Shahuci, ya ce zaɓi biyu ne: ko a ƙara wa talakawa haraji, ko a sallami ɗaya daga cikinmu. Aka yi ta musu. Ni da ban cika shekara a aikin ba, ga sabon aure, tsoro ya kama ni, sai na rufe shi da ɗaga murya.

"Allah ya gafarta Malam," na ce, "a rage masu cin albashi a banza. Wani sai ya wuni a gona ɗaya, ni kuwa kafin azahar na gama uku."

Kowa ya san da Malam Ilu nake, wani dattijo gajere mai sanyin jiki (sa'an mahaifina ne, amma ranar kunya ta yi mini ƙaura). Bai yi fushi ba. Ya ce, "Malam, a bari ni da shi mu auna ƙofar gidan nan."

Muka fita. Ni dogo ne kamar gwangwala, na zabga takina ina taƙama, na sami arba'in. Malam Ilu ya bi sawuna a hankali, ya sami hamsin da biyar. Malam Babba ya sa aka ɗauko takardun gonakin da na auna a bayan Dukawuya, ya duba, ya dubi ƙafafuna. Ashe duk gonar da na taka sai ta ƙanƙance a takarda, harajinta ya ragu. Rabon da na ji kunya irin wannan tun ina yaro.

Ba a sallame ni ba, domin Malam Ilu ne ya roƙa mini. Aka ce mu sake awon, shi yana taki, ni ina bin sa da tawada. Abin da ya fi ci mini rai shi ne harajin masu gonakin nan ya ƙaru, a shekarar da gero bai yi kyau ba. Wani manomi ya dube ni ya ce, "Malam, da ka yi shiru, da duk mun huta."

Yanzu idan aka zauna musun wanda za a rage, nakan fara da tambayar kaina nawa ne rabona a cikin giɓin. Yawanci kafin in gama lissafi an tashi taron.