Yadda Barkono Ta Karɓo Kuɗin Kujeru

"Lafiya lau, sai dai gajiyar gyaran ɓarnar wani tsoho," in ji Barkono, ta shigo shagon kafinta tana tsallake tarin garin katako.

Kakanta ya ajiye zarto. Mai katako ya rantse ba zai ƙara ba shi ko falanki ɗaya ba sai ya biya na baya, ma'aikatan shagon kuma sun fara zancen neman wani wuri. Kuɗin kuwa suna hannun wani mai gidan abinci da ya kwashi kujeru tun bara, kullum sai gobe. Jikar ce ta ce a bari ta gwada.

"Wace ɓarna? Kin tafi da baki, kin dawo da baki. Ya kore ki ko?"

Sai ta dire masa ƙunshin kuɗi a kan benci. Tsoho ya kwance, ya duba, ya sake dubawa.

"Amarya, banki kika fasa?"

"Wace ce amaryarka? Mijin da ke ba da bashi da murmushi, ya je karɓa da gaisuwa? An ce shayi yake ba ka, ka dawo kana sa masa albarka."

"Mutunci madara ne, yarinya. In ya zube ba ya kwasuwa."

"To kai wa mai katako madarar, ya ba ka falanki."

"Ji baki kamar reza! Faɗa min gaskiya, me kika yi masa?"

"Na jira sai da gidan ya cika da masu cin abincin rana, na shiga da masu amalanke. Na durƙusa gaban wani mai tumbi da ƙaton agogo, na gaishe shi, na ce, 'Baba, yi haƙuri ka ɗan tashi. Kujerar kakana ce, ba a biya ba.'"

"Innalillahi! Ya tashi?"

"Da farantinsa a hannu. Na kusa da shi ma ya tashi. Kan ka ce kwabo, rabin gidan na ci a tsaye kamar masu jiran mota. Sai ga mai gidan a guje, gumi sharkaf, wai ni ce ƙanwarsa."

"Ba zagi? Ba ɗan sanda?"

"Ko murya ban ɗaga ba. Kuma mai tumbin nan ya ce bai taɓa zama a kujera mai daɗinta ba, yana son irinta a ofishinsa."

Fuskar tsoho ta washe. "Madalla! Ce masa ya ɗauka, in ya samu..."

"Ka gani ko? Hali zanen dutse! Na ce masa rabi kafin ka taɓa zarto, sauran kafin kujera ta ƙetare ƙofar nan. Ya yarda."

Tsoho ya bi ta da kallo, baki buɗe. Wannan ce fa 'yar da a da ke tsorata da ƙarar guduma, ta ɓuya a bayansa. Ya girgiza kai a hankali.

"Ashe zaki na yi ta goyo a kafaɗa ban sani ba."

Ya laluba aljihu, ya zaro makullin akwatin kuɗi, ya danƙa mata a tafin hannu.

"Daga yau ke ce mai cewa e ko a'a. Ni na koma yaron shago."

"Yaro mai haƙora huɗu?"

"Biyar ne, marar kunya!" Dariya ta ƙwace masa, har sai da Barkono ta gan su duka.