Ranar da Mai Girma Ya Zama Mawaƙin Rok

Jama'a, wanda ya gaishe ni yau a kasuwar Ataba ban amsa ba ya yi haƙuri. Ba girman kai ba ne, kunnen ne bai dawo daga Ma'adi ba tukuna.

Laifin maƙwabciyata ne, Hajiya Bakhita. 'Yarta Israa makaɗiyar ganga ce a wata ƙungiyar rok, wannan kiɗan da ake wa jita dukan ɓarawo. Wata shida suna gwaji, sai ga bikin kiɗa na bana ya ba sababbin ƙungiyoyi dare guda a wani kulob da ke unguwar Ma'adi, kowacce minti ashirin.

Hajiya ta ce, "Malam Ukasha, gwiwata ta hana ni hawa jirgin metro. Yalla, maza ka je ka tafa mata a madadina."

Na ce, "Hajiya, da furfurata?"

"Furfura ba ta hana tafi."

Na tarar da yaran a kan dandamali, Israa na zaune a bayan ganga. Tana ɗaga sanda, sai ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Biki, Allah ya ƙara wa tumbinsa albarka, ya karɓe makirfo zai yi "kalma biyu". Ya gode wa kwamiti. Ya gode wa ƙaramin kwamitin da ya kafa kwamitin. Sannan ya buɗe buhun alkawura: za mu gina wa matasa ɗakin kiɗa, za mu raba jita gida-gida, za mu, za mu.

Mai kulob ya raɗa wa yaran cewa saura minti bakwai lokacinsu ya ƙare. Israa ta dube ni, ido ya kawo ruwa. Ni kuwa abin da na iya kawai na yi, na ɗaga mata kafaɗa: ma'alish, wato sai haƙuri.

Ashe yarinya ta fi ni zuciya. Mai Girma na cewa "za mu", ta narka wa ganga sanda: dum! Ya sake, ta sake. Mai jita ya shigo da kururuwa. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya: matasa suka hau tsalle suna amsa "Za mu! Za mu!" Ranka ya daɗe ya ɗauka farin jini ne ya same shi da tsufa. Ya kwance maɓallin wuya, ya yi wa jama'a alkawarin gada a unguwar da ko kwata babu. Ni kaina, Allah ya yafe mini, na ɗan gyaɗa ƙeya.

Da aka tashi, wani mai kulob daga unguwar Zamalek ya tare Israa. Ya ce su zo mako mai zuwa, amma da sharaɗi: su taho da mawaƙinsu, wancan mai tumbin.

Ta ce, "Kawu, yaya zan yi?"

Na ce ta tambaye shi mana. Ta tambaya, Mai Girma ya dafa ƙirji ya yi alkawarin zai zo. Shi ya sa tun da safe muke neman wani mawaƙin.